Mabuɗi Uku

A Arbroath nake sana'ar makulli,
garin da hayaƙin kifi ke bin mutum har cikin aljihu.
Shekara talatin ina buɗe wa masu mantuwa ƙofa,
sai bara hukuma ta ƙara mini wani aiki:
takarda takan zo da lambar gida, babu suna,
a ƙasa an rubuta cewa gwamnati za ta biya.

Ranar Talata na hau bene na biyu, a layin da ke kallon teku.
Na ƙwanƙwasa sau uku yadda aka ce in yi.
Ta leƙo ta kafar wasiƙu kafin ta zare sarƙa.
Morven, in ji ta, murya ƙasa ƙasa,
kamar sunan na aro ne, mai shi na iya zuwa karɓa.

Babu tabo a fuskarta.
Na duba, ban ɓoye ba,
don da tabo aka koya mana gane wadda aka cuta.
Nata yana cikin littafin da ke kan tebur:
ran kaza, motarsa ta kwana gaban kantin burodi,
ran kaza, furanni a bakin ƙofa, babu kati,
ran kaza, saƙo arba'in da ɗaya kafin rana ta take,
na ƙarshe yana cewa jan kwat bai yi mata kyau ba,
alhali da safen nan ta saye shi.

Ishbel, jami'ar da aka haɗa ta da ita,
na zaune da jiƙaƙƙen takalmi tana cike fom.
Ba ta ce don me ba ki tafi tuntuni ba.
Cewa ta yi, shekara nawa katin bankinki ke hannunsa?
Tara.
Wa ke zaɓar ranar da za ki ga mahaifiyarki?
Shiru ya amsa, biro ya rubuta.

Ina kwance tsohon makulli ina jin tausayinsa,
lafiyarsa ƙalau, bai ko yi tsatsa ba,
laifinsa ɗaya: ya saba da hannun Struan.

Can ta tambaye ni ko za ta iya dafa shayi.
A gidanta, da butarta.
Na buɗe baki, Ishbel ta hana ni da ido.
Muka yi tsit, agogo na tafiya,
har ta lura babu mai ba da izini a ɗakin,
ta miƙe da kanta ta kunna wuta.

An bar mata wani ɗan abu kamar ƙwan tantabara,
in ta danna, 'yan sanda za su zo ba sai ta yi magana ba.
Kotu kuwa sai watan gobe, wataƙila na bayansa,
layin dogo ne, ma'aikatan kaɗan,
kuɗin shirin ma na bana aka sani.
Ban ji Ishbel ta yi alkawarin da ya fi ƙarfinta ba.

Ni ma na san iyakar ƙarfe.
Ba ya hana mutum tsayuwa a tsallaken titi,
ba ya gadin waya, ba ya shiga mafarki.

Na miƙa mata mabuɗi uku a zobe ɗaya.
Ta ce, sauran biyun wa zan ba?
Wanda kika ga dama, in ji Ishbel, ko kuma babu kowa.
Ta juya su a tafin hannu, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.

A ƙasan bene na tsaya ɗaurin igiyar takalmi
wadda ba ta kwance ba,
har na jiyo daga sama: ta kulle, ta buɗe,
ta sake kullewa.

Waje ana yayyafi, tsuntsayen teku na rigima kan kwandon shara.
Na bi motocin layin da kallo, ɗaya bayan ɗaya,
sannan na zaro takarda ta gaba daga aljihu.
Lamba goma sha bakwai, babu suna.